Ina son kafa ragar atisayen golf a bayan gidana a Hotoro, wa ya taɓa yi?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Wata 8 ke nan da na fara koyon golf. Wani abokin aikina ne ya ja ni Kano Golf Club, tun daga ranar kuma abin ya shiga raina. Matsalata lokaci. Kafin in tashi daga ofis in ratsa cunkoso magariba ta kawo jiki, sai Asabar kaɗai nake samun zuwa fili, wani satin ma ɗaurin aure ko ta'aziyya su cinye ta. Abin da na koya wannan Asabar, kafin wata ta zagayo hannuna ya saki.

Shi ne nake tunanin kafa raga a gida, in riƙa buga ƙwallo 40 ko 50 kullum da safe kafin in fita. Akwai fili a bayan gidan, tsakanin ɗakin girki da katanga, tsawonsa ƙafa 24, faɗinsa ƙafa 14, an shimfiɗa masa intalok. Tsayin katangar ƙafa 9. Bayanta gidan maƙwabcina ne, yana da yara ƙanana, ga tankin ruwa a sama, ga sola a kan rufi. Wace irin raga ta dace? A Kano ana samunta ko sai an yi oda? Ni da ban ƙware ba, anya ba zan jawo wa kaina rigima ba? Wanda ya taɓa yi don Allah ya ba ni haske.

Injiniya_Bompai:
Wa alaikumus salam. Malam Abban Sadiq, ni na yi, shekara ta uku ke nan tana tsaye. Kafin maganar raga, fara sanin abin da kake son tarewa. Ƙwallon golf nauyinta bai kai giram 46 ba, kaurinta kuma kusan milimita 43, wato inci 1 da ɗan ɗori fiye da rabi. Ƙarama ce, amma idan mutum irinmu ya same ta da direba, wato doguwar sandar bugun nesa, tana fita da gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Ka ƙaddara tana cin mita 60 a daƙiƙa guda. Ƙwararru nasu yana kaiwa 270. Don haka idon ragar kada ya wuce inci 1, in ka samu mai kwata uku na inci ya fi.

Girman da aka saba yi ƙafa 10 tsayi, ƙafa 10 faɗi, ƙafa 10 zurfi, kamar keji mai buɗaɗɗen gaba. Faɗin filinka ƙafa 14 ne, ya isa. Abu biyu ne ba na son ka yi wasa da su. Kada a ɗaure ragar tamau kamar fatar ganga. A bar ta da sako-sako, ƙasanta ya kwanta a ƙasa kamar ƙafa 1, domin lilon da take yi shi ne yake shanye ƙarfin ƙwallon. Sannan ka bar aƙalla ƙafa 3 tsakaninta da katanga. In ta yi kusa, ƙwallon za ta tura ragar ta daki bulo ta dawo kanka.

Dan_Fagge:
Ni fa ban gane ba. Ragar gola ta ƙwallon ƙafa ba za ta yi ba? Ga su nan jibge a shagunan kayan wasanni a Sabon Gari.

Injiniya_Bompai:
@Dan_Fagge ba za ta yi ba ɗan'uwa. Idon ragar gola hannunka ma yana shiga, ƙwallon golf wucewa za ta yi ko taɓa zare ba ta yi ba. Haka wayar kejin kaji, ita kuma tana kankare ƙwallo tana kuma dawo da ita.

Maman_Ilham:
Ku bari mu da muke wuni a gida mu sa baki. Maigidana ya kafa tasa a Tarauni bara, kuma ni ce na san daɗinta da wahalarta. Abban Sadiq, ka ce filin yana jikin ɗakin girki. Ka tambayi uwargida tukuna, a nan take shanya? A nan ake wanke-wanke? Ta nan yara suke bi su je famfo? Mu sai da muka yi doka, in Abbansu ya ɗauki sanda, kowa ya shige falo a rufe ƙofar baya da sakata. Ba ƙwallon ce kaɗai abin tsoro ba, ita kanta sandar. Yaro ɗan shekara 3 ba ya sallama, sai dai ka ji shi a bayanka, kai kuma ka riga ka ɗaga sanda. Wata rana saura ƙiris autana ta shiga, Allah ne ya sa yayarta ta fizgo ta. Tun daga ranar sakata ta zama wajibi, kuma in ya gama yana kulle sandunan a sito, don yaran suna kwaikwayonsa.

Abban_Sadiq:
Hajiya na gode ƙwarai, wallahi ban kawo maganar shanya a raina ba, kuma a nan igiyar take. Zan zauna da ita yau da daddare.

Baffa_Sharada:
Ni dai shawarata ka haƙura da ƙwallon gaske a gida. Ina faɗa ne don ya faru da ni. Na yi odar raga ta intanet, irin mai sandunan roba da ake harhaɗawa. A hoto ƙatuwa, da ta iso ko ƙafa 7 ba ta cika ba. Na kafa ta haka nan. Sati na biyu na ɗauki wej, sandar da take ɗaga ƙwallo sama, ƙwallon ta tashi ta haye saman ragar, ta haye katanga, sai ƙarar fashewa na ji. Gilashin solar maƙwabcina ta samu. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba, amma na biya kuɗin sabon fanel, kuma har yau in na tuna cewa matarsa tana tsakar gida a lokacin sai gabana ya faɗi. Da kan mutum ta samu fa? Yanzu ƙwallon soso nake bugawa da irin ta roba mai huji-huji. Ko ta tsallaka ba abin da za ta fasa.

Injiniya_Bompai:
Allah ya ƙara kiyayewa Alhaji Baffa. Amma ka ga abin da ya faru da kai lissafi ne. In ragarka ƙafa 10 ce, ka tsaya ƙafa 10 daga gare ta, duk ƙwallon da ta tashi ƙasa da digiri 45 za ta kama. In ka ja baya zuwa ƙafa 20, abin da take karewa ya dawo kusan digiri 27 kawai. Wej kuwa an yi ta ne don ta ɗaga ƙwallo, fuskar ta yashi a kwance take digiri 56 ko kusa da haka. Kai kuma taka ƙafa 7 ce babu rufi. Shi ya sa na ce keji. A yi mata rufi da gefe biyu, ka tsaya a bakin kejin, ƙwallon tana barin sanda ta riga ta shiga ciki.

Baffa_Sharada:
Na yarda da lissafinka Injiniya. Amma lissafi na wanda ya bugi ƙwallo da fuskar sanda ne. Abban Sadiq wata 8 ya ce.

Tsohon_Kedi:
Alhaji Baffa ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni tun ina yaro nake ɗaukar wa manya jaka a fili, na ga bugun mutane iri-iri. Sabon ɗan wasa ba gaba yake ɓarna ba, gefe yake yi. Akwai bugun da ƙwallon ke samun wuyan sanda, daidai inda kan ya haɗu da mariƙi, sai ta fice dama kamar an harba ta da gwafa, ƙasa-ƙasa, in mai bugun na-dama ne. In bahago ne ta yi hagu. Har waɗanda suka shekara 20 suna wasa tana kama su, kuma in ta zo ba ta zuwa ita kaɗai, sai ka yi uku a jere.

Saboda haka Yallaɓai, tsaya a inda za ka riƙa bugu, ka fuskanci inda ragar za ta kasance, ka dubi hannun damanka. Me ke wurin? In taga ce, ko ƙofar kicin, ko injin janareto, ko mota, to ragar gefen dama ta fi ta gaba muhimmanci. A jawo ta ta zo har daidai inda ƙwallon take ajiye, ta ma ɗan wuce.

Abban_Sadiq:
Baba, na fita yanzu na duba. In na fuskanci katangar maƙwabci, tagar kicin ce a damana. In na juya na fuskanci bangon sitona, dama ta zama katangar layi, babu taga babu komai.

Tsohon_Kedi:
To ka ga amsa ta fito da kanta. Juya wa maƙwabci baya, ka fuskanci ginin da yake naka. In ɓarna ta zo, ta zo a kan kayanka.

Dan_Fagge:
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. Ana fama da kuɗin shinkafa da kuɗin makaranta, mu kuma muna nan muna lissafin kejin ƙwallon masu kuɗi. Wasan nan namu ne? A Fagge ban taɓa ganin yaro ya ce yana son zama ɗan golf ba. Ƙwallon ƙafa ce, sai dambe, sai langa a da. In motsa jiki ake so, a zagaya Race Course da ƙafa mana, kyauta ne.

Hajiya_Nassarawa:
@Dan_Fagge ƙanena, maganarka akwai gaskiya a ciki, kayan wasan da tsada, ba mai musun wannan. Amma ni likita ne ya ce in riƙa tafiya saboda sukari da hawan jini, na gwada zagaye na kasa ɗorewa, sai da na fara golf na samu abin da yake fitar da ni daga gida da marmari. Rami 18 in ka bi da ƙafa ka yi tafiyar kilomita 6 ko fiye ba ka sani ba. Sandunana kuma na hannu ne, wata ce ta bar wasan ta sayar mini. Doka ta ce kada jaka ta wuce sanda 14, ba ta ce sai ka cika 14 ba. Da guda 5 na fara.

Game da raga, ni ta fi mini amfani fiye da maza ma. Ba kullum nake son fita fili in tsaya ana kallona ina kuskure ba. A gida ina sanye da kayan da na ga dama, in yi bugu 30 bayan la'asar, in koma harkokina.

Tsohon_Kedi:
@Dan_Fagge ɗana, ni ɗan talaka ne, ubana ɗinki yake yi. Mu yaran da muke ɗaukar jaka, rodi muke samu mu lanƙwasa bakinsa, mu riƙa bugun ƙodagon goruba a bayan fili. Da haka hannunmu ya faɗa. Da yawa daga cikin waɗanda suka zama ƙwararrun golf a ƙasar nan daga ɗaukar jaka suka fara, ka tambayi duk wanda ya san filayen Kaduna da Rayfield na Jos zai gaya maka. Wasan ya ciyar da ni, ya yi mini aure. Yaran Fagge ba su ce suna so ba ne don ba su taɓa riƙe sandar ba. Shi kansa Tiger Woods a garejin gidansu ya fara, yana jariri a kan kujera yana kallon mahaifinsa yana buga ƙwallo cikin raga. A 1997 ya ci babbar gasar golf ta Masters yana ɗan shekara 21. Raga ce irin wadda ake magana a kai yanzu.

Dan_Fagge:
Baba na ji, kuma ban san haka tarihinka yake ba. Allah ya ƙara girma. Amma har yanzu ina ganin da a ce masu hali za su kafa irin ragar nan a wata makarantar gwamnati yara su taɓa, da ya fi a ɓoye ta a bayan gida.

Malam_Gwale:
Wannan shawara ce mai kyau, Allah ya sa masu iko su gani. Ni abin da zan ƙara wa Abban Sadiq bai shafi ƙarfe ko zare ba. Kafin ka kira mai walda, taka ka je ka yi sallama da maƙwabcinka. Ka gaya masa abin da kake shirin yi, in ya yiwu ka shigo da shi ya ga wurin da idonsa. Haƙƙin maƙwabtaka babba ne a addini, ƙa'idar kuma a bayyane take, ba cuta ba cutarwa. Ko ƙwallo ba ta taɓa tsallakawa ba, akwai ƙara. Ka ce da safe za ka riƙa yi. Ƙarar direba a kan ƙwallo da sassafe, lokacin da gari ya yi tsit, tana shiga har ɗaki. Wataƙila akwai mai jego, ko tsoho marar lafiya, ko wanda ya kwana aiki ya koma barci bayan asuba. In ka nemi izini tun farko, ko wani abu ya faru daga baya za a dube ka da idon rahama.

Ummu_Khalil:
Tambaya daga gefe, ku gafarce ni. Wai mene ne sunan wasan nan da Hausa? Na ji a rediyo ana cewa ƙwallon lambu.

Hajiya_Nassarawa:
Haka ne, 'yan jarida sukan ce ƙwallon lambu. Amma a fili kowa golf yake cewa, har masu ɗaukar jaka.

DanWudil:
Ku dawo da mu kan raga, don nan ne nake da abin cewa. Gidanmu masunta ne, da zare da ƙulli na tashi. Ba kowace ragar kamun kifi ce za ta yi wannan aiki ba. Mai siririn zare kamar gashi, wadda ake shimfiɗawa a ruwa kifi ya maƙale, bugu ɗaya za ta yage. Wadda za ta yi ita ce mai kaurin zare, murɗaɗɗe, irin ta jan taru, mai ƙananan ido. Ita ma ni zan ninka ta biyu a tsakiya, inda ƙwallo ta fi sauka, don wuri ɗaya ake duka kullum, nan ne zai fara ci.

Babban abokin gabarta kuma ba ƙwallo ba ne, rana ce. Mu mun sani, ragar da aka bari a rana tana ƙonewa, ka ga kamar lafiyarta ƙalau, ka ja da hannu ta tsinke kamar zaren da ya ruɓe. Ranar Kano a watan Afrilu, da zafi yake haura digiri 40, ba ta barin zaren nailan. Saboda haka kada a ɗaure ta dindindin. A sa mata ƙugiyoyi a jikin igiya ko waya kamar labule, in ka gama ka zuge ta gefe guda ka rufe da buhu, ko ka sauke ta gaba ɗaya.

Injiniya_Bompai:
DanWudil ya faɗi gaskiya, tawa ta farko bazara ɗaya ta yi. Ta biyu na nemi mai zaren roba baƙi wanda aka yi don zama a waje, ita ce har yanzu. Duk wata nakan bi ta da hannu ina ja, musamman tsakiya da wajen ɗinki. Ranar da ka ga zare ɗaya ya tsinke, a ranar za ka gyara, kada ka ce gobe.

Kan firem, na sayi bututun ƙarfe mai inci 1 da rabi a Ƙofar Ruwa, mai waldar unguwarmu ya haɗa. Na ce ya yi shi da noti, ba walda gaba ɗaya ba, don in na tashi daga gidan in kwance abina. Kuskuren da na yi da farko, na bar ƙarfen tsirara. Ƙwallo ta sami sandar gefe ta dawo ta same ni a ƙauri, sati biyu ina ɗingishi. Yanzu ragar tana rataye taƙi guda a cikin firem, ba ta jingina da ƙarfe, ƙarfen gaba kuma na naɗe shi da soson katifa na ɗaure da tsohon tiyub. Ka yi wannan tun ranar farko.

Sani_Kabuga:
Ni ban sayi raga ba sam. Tsohon kafet mai nauyi na rataya a gareji, na sa tamfol a bayansa. Ƙwallo tana dukansa ta zube a wurin. Shekara guda ke nan.

Maman_Ilham:
@Sani_Kabuga tamfol ɗin ba ya ƙara? Namu da ya gwada shi kamar ana buga ganga, sai da na roƙe shi ya cire.

Sani_Kabuga:
Hajiya in shi kaɗai ne yana yi sosai. Kafet ɗin da ke gaba ne yake kashe ƙarar. Sai dai a gareji matsalar silin ce. Nawa bai kai ƙafa 10 ba, direba ba ta ɗaguwa, tsawonta kusan inci 45 ne ga kuma tsawon hannu. Ƙananan sanduna kawai nake bugawa a ciki. Na kuma cire fanka da ƙwan fitilar da ke tsakiya.

DanWudil:
A waje kam kada a bar tamfol a rataye. Iskar farkon damina da take ɗaye kwanon rufi, in ta sami tamfol a jikin firem tafiya za ta yi da su duka. Raga iska tana ratsa ta, tamfol kuwa tare ta yake yi. Ko firem ɗin ma a kafe ƙafafunsa da siminti, ko a danne da buhunan yashi.

Hajiya_Nassarawa:
Ba wanda ya yi maganar abin da za a tsaya a kai. Abban Sadiq ya ce intalok ne a wurin. Don Allah kada ka shimfiɗa siririn kafet ɗin ciyawar roba a kan intalok ka ce za ka yi bugu. Ni na yi, wata biyu gwiwar hannuna ta hagu ta kama ciwo, ko buta ba na iya ɗagawa. Kowane bugu sandar tana dukan siminti, jijjigar tana hawa hannu. Sai da na sa aka yanko mini roba mai kauri aka sa a ƙasa, aka ɗora tabarmar golf ta gaske a kai. Kuma inda ƙafarka take da inda ƙwallon take su zama tsayi ɗaya. In tabarmar ta fi ƙasa tudu kana tsaye a ƙasa, kana koya wa hannunka abin da ba haka yake a fili ba.

Tsohon_Kedi:
Hajiya ta kawo mu inda nake jira. Zan faɗi aibin raga, don na ga ana ta yabonta. Raga ba ta gaya maka inda ƙwallonka ta tafi. Bugun da zai karkace ya faɗa cikin bishiyoyi a fili, da wanda zai tafi sak, a raga duk ɗaya ne, ƙafa 10 suka yi suka faɗi. Tabarma ita ma tana rufa asiri. In ka daki ƙasa kafin ƙwallo, a kan tabarma sandar zamewa take yi ta sami ƙwallon, ka ji kamar ka yi daidai. A fili, musamman da rani da ƙasar Kano take tauri kamar dutse, wannan bugun ko rabin tafiya ba zai yi ba. Na ga mutumin da ya yi wata uku yana bugun ƙwallo 200 kullum a gida, ya dawo fili ya fi da lalacewa, domin kuskurensa ya yi ta maimaitawa har ya zauna masa a jiki.

Abin da nake ba mutane shawara, ka je wa mai koyarwa a fili ranar Asabar, ya ba ka abu ɗaya tak da za ka gyara. Shi za ka kai raga sauran kwanakin. Ƙwallo 30 da hankali, kowace ka tsaya ka daidaita ƙafa da riƙo kamar a fili kake. Ka shimfiɗa ƙaramin tawul taƙi guda a bayan ƙwallon, in sandarka ta kwashe shi ka san ka fara dukan ƙasa. Ka manna farin tef na takarda a fuskar sanda, zai nuna maka ko tsakiya kake samu ko baki ko gindi. Ka ɗaura ƙyalle a tsakiyar ragar ya zama abin saiti. Waɗannan ba sa cin kuɗi.

Injiniya_Bompai:
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya, ka jingina wayarka a kan kujera ta ɗauke ka bidiyo mai tafiyar hawainiya, ɗaya daga bayanka ɗaya daga gabanka, ka tura wa mai koyar da kai. Akwai kuma na'urori irin Garmin R10 da suke auna gudun ƙwallo su ƙiyasta inda za ta sauka, su nuna a waya. Suna taimakawa, amma suna son fili gaba da baya, kuma da canjin dala na yanzu ni ba zan ce sabon ɗan wasa ya fara da su ba.

Baffa_Sharada:
Duk na karanta, kuma na ƙaru. Amma ina nan kan bakana. A unguwa mai gida jikin gida, ƙwallon soso ta fi kwanciyar hankali. In dai motsin jiki ake son gyarawa kamar yadda Baba ya ce, soso ma ta isa.

Tsohon_Kedi:
Alhaji, ta isa ga motsi, ba ta isa ga ji ba. Nauyin ƙwallon gaske a kan sanda shi ne yake gaya wa hannu ya samu ko bai samu ba. Ni da zan raba, in ce direba da wej a yi su da soso, ayan 7 da ayan 8, wato sandunan ƙarfe na matsakaicin nisa, a yi da ta gaske a cikin keji.

Abban_Sadiq:
Jama'a Allah ya saka da alheri, ga inda aka kwana. Na bi shawarar Malam, jiya bayan isha'i na shiga wajen maƙwabcina. Ya ji daɗin zuwan, har ya biyo ni ya ga wurin. Ya ce mahaifiyarsa tana ɗakin da ke jikin katangar kuma takan koma barci bayan asuba, don haka mun yi da shi ba zan fara ba sai ƙarfe 7 ta wuce. Zan juya in fuskanci sitona kamar yadda Baba ya ce. Uwargida ta yarda a mayar da igiyar shanya gefen rijiya, da sharaɗin sakata irin ta gidan Maman Ilham. Mai walda zai zo gobe ya auna, na rubuta masa ƙafa 10 kowane gefe, da noti, da rufi.

Abin da ban yanke ba shi ne ita ragar kanta. Raina ya kasu tsakanin irin ta masunta da DanWudil ya kwatanta, da in jira in yi odar mai baƙin zare irin ta Injiniya. Kafin nan dai na sayo ƙwallon soso guda 12.

Injiniya_Bompai:
In za ka yi oda, ka sa mai sayarwa ya auna maka idon ragar da tef a bidiyo ka gani kafin ka tura kuɗi, kuma ka ƙara ƙafa 2 a kan awon firem saboda sako-sakon da muka ce.

DanWudil:
Yallaɓai kada ka yi gaggawar oda. Ranar Juma'a kasuwar Wudil take ci, zan je gida. Zan yanko maka ɗan ƙyallen irin wadda nake nufi, ka rataya shi a fili ranar Asabar, Baba ya sa masa direba mu ga ko zai tsaya.

Tsohon_Kedi:
Ka kawo. Ka yanko mai ɗan faɗi, kamar ƙafa 4, kuma ka haɗo da igiyar da za mu ɗaure shi. Ina wurin tun ƙarfe 8.